Sa Hannun Wa Za A Gaskata? Tarihin Binciken Asusun Kamfanoni A Dubai

Wanda ya bar tsakiyar birnin Dubai ya nufi gabas ta hanyar Hatta, da zarar ya wuce unguwar masana'antu ta Ras Al Khor sai ya iske kansa a Al Warsan. Kafin shekarar 2000 galibin wurin fili ne na rairayi. Yau kuwa a nan ne aka gina rukunin gidajen da ake kira International City, mai ɗakunan kwana fiye da 20,000, wanda aka raɗa wa unguwanninsa sunayen ƙasashe: Sin, Ingila, Faransa, Farisa, Maroko, Rasha da sauransu. A bakinsa kuma ga kasuwar Dragon Mart, wadda aka buɗe a watan Disamba na 2004, aka gina ta da siffar dodon tatsuniyar Sinawa, tsawonta ya wuce kilomita guda, rumfunanta dubbai ne. 'Yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Yamai da suka saba zuwa Dubai sarin kaya sun san ta, musamman masu neman kayan gini da na lantarki da kujeru.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan unguwa shi ne, a fili ɗaya ta haɗa kamfanoni iri biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai mai gida, watau kamfanin Nakheel wanda ya gina gidajen da kasuwar, wanda bashinsa ya taɓa girgiza kasuwannin kuɗi na duniya. Akwai kuma 'yan haya, masu rumfa ɗaya da yara biyu ko uku. Dukansu suna rubuta lissafi, dukansu kuma wata rana sukan bukaci wani baƙo ya duba littafin ya sa hannu cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Wannan baƙo shi ne mai binciken asusu, ko odita kamar yadda ma'aikata ke cewa. An daɗe ana gardama a kan ko girman kamfanin oditan ne ke sa rahoto ya zama abin dogara, ko kuwa halin kamfanin da ake bincika. Tarihin Dubai yana da abin faɗa a kan wannan gardama.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a gabar Tekun Fasha. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kafin man fetur, arzikin Dubai lu'ulu'u ne, sana'ar kuwa gaba ɗaya a kan bashi ta tsaya. Attajiri ya ba shugaban jirgi bashi, shugaban jirgi ya ba masu nutso kuɗin cefanen iyali kafin a tashi, in an dawo aka sayar da lu'ulu'u sai a cire. Littafin yana hannun shugaban jirgi, mai nutso kuwa galibi bai iya karatu ba, saboda haka mutum yakan mutu da bashi a wuyansa, ɗansa ko ƙanensa ya gaje shi. A Bahrain, cikin shekarun 1920, hukuma ta tilasta a ba kowane mai nutso ɗan littafinsa, ma'aikatan gwamnati su riƙa dubawa. In ka lura, wannan shi ne ainihin aikin odita: mutum na uku ya shiga tsakanin mai riƙe da littafi da wanda littafin zai iya cuta. Sana'ar lu'ulu'un kanta ba ta daɗe ba bayan haka, gama lu'ulu'un da Japanawa suka koyi nomawa da karayar tattalin arziki ta 1929 sun kashe ta.

Binciken asusu irin na zamani tare da banki ya iso. A 1946 aka buɗe banki na farko a Dubai, na Turawan Ingila ne, wanda daga baya ya zama British Bank of the Middle East. A 1963 aka kafa National Bank of Dubai, a 1966 aka sami mai, a 1971 aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Attajirin Deira da a dā kalmarsa ta isa jingina, yanzu manajan banki yana tambayarsa takardar lissafin ƙarshen shekara mai ɗauke da sa hannun akanta. Akantocin kuwa suna nan kusa. Wani Bafalasɗine, Fuad Saba, ya kafa kamfaninsa a birnin Ƙudus tun 1926, ya bazu cikin ƙasashen Larabawa, daga baya ya shiga inuwar Deloitte. Talal Abu-Ghazaleh ya kafa nasa a Kuwait a 1972. Ga kuma ɗaruruwan akantoci daga Indiya da Pakistan da Masar waɗanda suka buɗe ƙananan ofisoshi, su ne har yau ke riƙe da littattafan yawancin ƙananan 'yan kasuwa. Dokar kamfanoni ta tarayya ba ta fito ba sai 1984, shekara guda bayan durƙushewar bankin Union Bank of the Middle East na attajiri Abdul Wahab Galadari, wanda ya ba kamfanonin mai shi bashi fiye da kima.

Su kuwa manyan kamfanonin akantoci, asalinsu Landan ne da Amurka. William Deloitte ya buɗe ofishinsa a Landan a 1845, a zamanin da kamfanonin jirgin ƙasa ke tara kuɗin dubban mutanen da ba su san juna ba, ba su kuma san inda kuɗinsu ke tafiya ba. Cikin shekarun 1970 ana lissafa manya takwas. Haɗewar da aka yi a 1989 ta mai da su shida, ta 1998 ta mai da su biyar, sa'an nan abin kunyar kamfanin Enron ya kashe Arthur Andersen a 2002, saura huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG.

A 1981 wata masaniya Ba'amurkiya, Linda DeAngelo, ta kawo hujjar da har yanzu ake koya wa ɗalibai. Ta ce babban kamfanin odita yana da abokan ciniki da yawa, don haka in ya rufa wa guda ɗaya asiri aka kama shi, zai yi asarar saura duka. Ƙaramin ofishi kuwa da abokin ciniki ɗaya ke biyan rabin albashinsa, da wuya ya iya ɗaga masa murya. Hausawa sun riga ta da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa bankuna da masu hannun jari a ko'ina suke neman hatimin ɗaya daga cikin manyan. To, amma shekara goma kacal bayan haka aka gwada ta a wannan yanki.

Masu sauraronmu da suka manyanta za su tuna da bankin BCCI, wanda Agha Hasan Abedi ya kafa a 1972 da goyon bayan Abu Dhabi, ya yi rassa a ƙasashe fiye da 70. A Nijeriya ma ya yi suna, Alhaji Ibrahim Dasuki ne shugaban reshensa na can kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Uwar bankin an tsaga ta biyu, ɓangare ɗaya an yi masa rajista a Luxembourg, ɗaya a tsibiran Cayman. Kamfanin Ernst & Whinney ke duba na farko, Price Waterhouse ke duba na biyu, duka biyu manya ne, amma ba wanda ke ganin littafin gaba ɗaya, sai ana ɗauke asara daga wannan aljihu a sa a wancan. A 1987 Price Waterhouse ya karɓi aikin duka, kuma don a yi masa adalci, rahoton sirri da ya kai wa Babban Bankin Ingila a watan Yuni na 1991 shi ya sa aka rufe bankin ran 5 ga Yuli. Sai dai kafin nan an yi shekaru ana sa hannu. Da kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya nemi takardun, sai ya gano wani abu da mutane da yawa ba su sani ba har yau: waɗannan manyan kamfanoni suna ɗaya ne kawai suke tarayya a kai, amma ofishin kowace ƙasa mai zaman kansa ne, da masu shi, da asusunsa, da alhakinsa.

Mu koma ga mai gidan Al Warsan. A dā Nakheel reshe ne na Dubai World, shi kuma Dubai World mallakar gwamnatin Dubai ne. A 2006 Nakheel ya sayar da takardun bashi na Musulunci, watau sukuk, na dala miliyan 3,520, mafi girma da aka taɓa yi a lokacin. Jinginar kuwa fili ne a gabar teku da ba a gina kome a kansa ba. Ƙimar fili irin wannan ra'ayi ne na masu kimantawa: muddin farashin gidaje na hawa, lissafin yana da kyau a takarda. A cikin takardar tallar sukuk ɗin an rubuta cewa gwamnati ba ta tsaya wa bashin ba. Masu ba da bashi sun karanta, ko ba su karanta ba, amma suka ɗauka cewa sarki ba zai bar kamfaninsa ya kunyata ba. Watau abin da suka dogara da shi sunan mai kamfanin ne, rahoton odita ado ne kawai a kan teburin.

Daga ƙarshen 2008 farashin gidaje a Dubai ya faɗi da wajen rabi. Ran 25 ga Nuwamba 2009, ana jajibirin hutun Babbar Salla, gwamnati ta ba da sanarwa cewa Dubai World, mai ɗauke da nauyin kimanin dala miliyan 59,000, yana roƙon masu binsa su dakata masa wata shida. Bayan kwana biyar shugaban ma'aikatar kuɗi ta Dubai ya fito ya maimaita abin da ke rubuce tun farko, cewa bashin na kamfani ne ba na gwamnati ba. A watan Disamba Nakheel ya bayyana asarar dirhami miliyan 13,400 a rabin farko na shekarar, yawancinta daga rage ƙimar filaye da gine-gine. Ba a yi wata sata ba a nan. Lambar da ke takarda ce ta komo daidai da kasuwa. Ran 14 ga Disamba, ranar da wa'adin sukuk ɗin ya cika, Abu Dhabi ta kawo agajin dala miliyan 10,000 aka biya. Wanda aka ɗauko ya gyara tsarin bashin Dubai World kuwa, Aidan Birkett, daga Deloitte ya fito. Manyan nan huɗu suna cin abinci ta hanya biyu, lokacin da kamfani ke tashe da lokacin da ya kwanta.

Labarin Abraaj ya fi wannan muni, ya kuma fi shafar mu. Arif Naqvi, wanda shi kansa ya taɓa aiki a Arthur Andersen, ya kafa kamfanin a Dubai a 2002, yana tara kuɗin masu jari yana sayen kamfanoni a Afirka da Asiya da Latin Amurka, har dukiyar da ke hannunsa ta kusa dala miliyan 14,000. A Nijeriya ya sa jari a Fan Milk da kamfanin katifa na Mouka da kamfanin takin zamani na Indorama a Eleme. Ya kuma tara dala miliyan 1,000 don gina asibitoci a ƙasashe matalauta, cikin masu kuɗin har da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da reshen Bankin Duniya mai kula da 'yan kasuwa. A ƙarshen 2017 waɗannan masu kuɗi suka ga an karɓi kuɗinsu amma ba a gina asibitocin ba, suka fara tambaya. KPMG ne oditan Abraaj. Babban jami'in kuɗi na Abraaj kuwa tsohon abokin tarayya ne a KPMG, ya yi kai-komo tsakanin gidajen biyu. Masu kuɗin ba su gamsu da binciken da KPMG ya yi a farkon 2018 ba, suka ɗauko wani kamfani dabam, kafin watan Yuni ya ƙare Abraaj ya rushe.

Hukumar da ke kula da cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai ta bayyana dabarar a 2019, lokacin da ta ci tarar kamfanonin Abraaj biyu kimanin dala miliyan 315. Ana ciwo bashi 'yan kwanaki kafin ranar rufe littafi, a zuba a asusun banki, a karɓi takardar shaidar cewa kuɗin na nan, da ranar ta wuce a mayar. Har canja ranar ƙarshen shekarar wani asusu aka yi don a ɓoye giɓi. Duk wanda ya taɓa ganin an aro awaki an cika garke ranar da mai dukiya zai zo ƙirga, ya san wannan wasa. A 2022 hukumar ta ci KPMG tarar dala miliyan 1.5, ta ce da ya bi ƙa'idojin aikinsa da ya ga abin da ke faruwa. Tsakanin nan kuma, a 2020, kamfanin asibitoci na NMC da ke Abu Dhabi, wanda EY ke bincika, ya faɗi bayan da aka gano bashinsa dala miliyan 6,600 ne, alhali abin da ya bayyana bai wuce miliyan 2,100 ba. Masu kula da gadon kamfanin sun kai EY ƙara a Landan a 2022, EY kuma ya musanta laifi, ya ce shi ma yaudararsa aka yi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna nufin manyan ba su da amfani. Abin lura shi ne kamannin waɗannan kamfanoni uku, BCCI da Abraaj da NMC. Kowannensu mutum ɗaya ne ya kafa shi, maganarsa ce doka a ciki. Kowannensu ya rarraba kansa cikin kamfanoni barkatai a ƙasashe dabam-dabam, kuɗi na yawo tsakaninsu. Kowannensu kuma yana bukatar sabon kuɗi kullum don ya rufe ramin jiya. A irin wannan gida odita baƙo ne da mai gida ya gayyato, shi ke biyansa, shi ke nuna masa ɗakunan da zai shiga. Masana ma sun komo kan wannan batu. A 2011 Alastair Lawrence da abokan aikinsa biyu suka jera kamfanonin Amurka masu kama da juna a girma da hali, waɗansu manya ke bincika su, waɗansu ƙanana, sai suka ga yawancin bambancin da ake yabon manya da shi ya ɓace: ashe kamfanoni masu tsari ne tun farko suke zuwa wurin manya. Waɗansu masana sun ƙalubalanci wannan sakamako, gardamar ba ta mutu ba. Amma kafin nan, a 2008, Jere Francis da Dechun Wang sun nuna cewa fifikon manyan ya fi bayyana a ƙasashen da doka ke kare masu jari sosai, inda ake iya kai odita kotu a ci shi. A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi. Hujjar DeAngelo tana aiki ne in akwai mai kamawa. A Nijeriya ma, da aka gano a 2006 cewa Cadbury ya kumbura lissafinsa da wajen naira miliyan 13,000, tarar da aka ci oditansa, Akintola Williams Deloitte, naira miliyan 20 ce.

Saura 'yan haya. Mai rumfa a Dragon Mart ba shi da masu hannun jari a Landan, shi ne mai kuɗi, shi ne manaja, littafinsa don kansa yake rubutawa. Dokar kamfanoni ta 2015 ta ce kamfanoni su ajiye littattafansu shekara biyar, su bi ƙa'idojin lissafi na duniya, su naɗa odita, amma shekaru da yawa ba mai tambayar ƙaramin kamfani rahotonsa sai banki in ya je neman bashi, ko hukumar yankin ciniki maras haraji in ya je sabunta lasisi. Rahoton da ba mai karantawa kuwa arha ake nema masa, kuma a nan ne ƙananan ofisoshi ke gasar rage farashi, waɗansu masu gaskiya, waɗansu masu sayar da hatimi. Akwai kuma wata matsala da ta shafi mallaka. Har zuwa gyaran dokar da ya fara aiki a 2021, baƙo ba ya kafa kamfani a wajen yankunan nan maras haraji sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 cikin 100. Sau da yawa ɗan ƙasar suna kawai ya ba da, ana biyansa ladan shekara, ainihin yarjejeniyar tana cikin wata takarda a aljihun tebur. Odita yana sa hannu a lissafin kamfanin da mai shi na takarda dabam, mai shi na gaskiya dabam.

Abin da ya sauya wannan hali haraji ne. Ran 1 ga Janairu 2018 aka fara karɓar harajin VAT na kashi 5 cikin 100, duk mai cinikin da ya wuce dirhami 375,000 a shekara dole ya yi rajista, ya ajiye rasit. A watan Maris na 2022 hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta sa Daular cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba ta cire ta ba sai Fabrairun 2024, a tsakanin nan kuwa aka matsa wa ofisoshin akantoci su san abokan cinikinsu, su kai rahoton abin da suka yi shakka a kai. Sa'an nan daga Yunin 2023 aka sa harajin kashi 9 cikin 100 a kan ribar kamfani da ta haura dirhami 375,000. Karo na farko ke nan da aka sami mai karatu wanda ke da riba in ya gano ƙarya a littafin ƙaramin ɗan kasuwa, yana kuma da ikon cin tara.

Dokokin da Ma'aikatar Kuɗi ta fitar a 2023 sun raba kamfanoni ne bisa girman cinikinsu, ba su ce kome a kan girman oditan ba, illa dai ya kasance mai rajista. Wanda cinikinsa ya wuce dirhami miliyan 50 a shekara dole odita ya binciki rahotonsa, haka ma kamfanin yankin ciniki maras haraji da ke son a ci gaba da yafe masa. Wanda bai kai haka ba an yarda ya bi sauƙaƙan ƙa'idojin da aka tsara don ƙananan kamfanoni. Wanda cinikinsa bai wuce miliyan 3 ba kuwa, ya isa ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma an ba shi damar neman a yafe masa harajin har zuwa ƙarshen 2026. Nijeriya ta bi hanya mai kama da wannan a dokar kamfanoni ta 2020, inda ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni, masu cinikin da bai wuce naira miliyan 120 ba, wajibcin naɗa odita. Shi kuwa Nakheel, gwamnatin Dubai ta raba shi da Dubai World a 2011 ta riƙe shi da kanta, sa'an nan a watan Maris na 2024 aka shigar da shi cikin rukunin Dubai Holding, tare da kasuwar Dragon Mart da kuɗin hayar rumfunanta.